Abin da Bature Ya Faɗa Game da Mutari

Habibu, wannan babin naka ne, da kai da ƙannenka da 'ya'yanku. Na sa jikata Rakiya ta zauna da alƙalami tana rubutawa ina faɗa, don idona ya yi rauni, kuma dama bokon nawa na yaƙi da jahilci ne. Abin da ya sa na matsa sai an rubuta shi ne, a bikin da aka yi a Birni bara na ji wata tsohuwa tana nuna ɗanka tana gaya wa ta kusa da ita, wai wancan jikan shofer ɗin nan ne da ya gudu ya bar iyali. Ranar abinci bai shiga cikina ba. Ashe ƙaryar tana nan da ranta, mu da muka san gaskiya kuwa muna ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Ban taɓa kiran sunan mahaifinka ba yana raye, ba a yin haka a zamaninmu. Yau zan kira. Sunansa Mutari. Dogo ne, baƙi, mai wushirya, ba ya son hayaniya. An kai ni gidansu a unguwar Zango, nan Damagaram, ina son sa yana so na. Gidan na uwarsa ne, Iya Gaji, Babarbariya mai haɗa turaren wuta, wadda in ta wuce ta lungu sai a daɗe ana jin ƙamshinta. Akwai kuma wansa, Yaya Issufu, baduku ne, yana da rumfa a kasuwa. Mutari shi ne auta, kuma da Auta Iya take kiransa har ya yi gemu. Tun yana saurayi ya bi kamiyon, wato babbar motar gyaɗa, ya koyi tuƙi, har ya samu aiki a wani kamfanin Ingilishi a Kano mai sayen gyaɗa da fatu. Mu a nan shofer muke cewa, su can direba. Lokacin kaka yakan zo da mota ta hanyar Takieta, ya kwana biyu ya koma da kaya. In rani ya yi sai a tura shi wasu garuruwan Najeriya, mu yi wata ɗaya ko biyu ba mu gan shi ba, amma ba ya rasa wanda zai aiko da gaisuwa, ko da ɗan sabulu ne da goro na Iya.

Zuwansa na ƙarshe bayan ƙuri'ar nan ce ta i ko a'a kan ci gaba da zama ƙarƙashin Turawa, da gari ya rabu biyu ana ta gardama a kowane zaure. Shi bai shiga ba. Ya ɗauke ka a wuya, lokacin kana fara haɗa magana, ya kai ka ka taɓa sitiyari, ya dawo da kai kana kuka ba ka son sauka. Ya ce mini kafin ruwan fari ya sauka zai zo ya gyara ɗakin Iya da ke yoyo. Sau biyu saƙonsa ya zo bayan nan. Daga nan shiru. Bazara ta yi zafi irin wanda rijiyoyi ke ƙafewa a Damagaram, mata na yini a layin ruwa, ni kuwa duk motar da na ji ƙararta sai in ce ko shi ne.

Ana cikin haka sai labari ya zo cewa wani Baturen kamfaninsu ya sauka a gari, ya zo duba fatu a wajen majema, kuma ba zai kwana ba. Yaya Issufu ya rufe rumfa ya fita neman mai jin Ingilishi. Masu jin Faransanci ba a rasa su ba, amma Ingilishi sai Kanawa. Ya samu Malam Garba, wani Bakano mai sayar da atamfa, wanda ya taɓa aiki a kantin Turawa yana yaro, kuma kowa a kasuwa ya san shi da cewa yana jin Turancin Najeriya. Mutumin kirki ne, ina so ku riƙe wannan. Ya bar kayansa a buɗe ya bi Yaya Issufu ba don a ba shi komai ba.

Ni ban je ba, mace ba ta zuwa irin wannan wuri. Abin da zan faɗa daga bakin Yaya Issufu na ji, ya kuma maimaita shi har na haddace. Sun iske Baturen a tsaye cikin warin jima, ya toshe hanci da hankici, motarsa na jira. Malam Garba ya gaishe shi, ya nuna Yaya Issufu, ya ce wannan wan Mutari Damagaram ne, direbanku, yana tambayar labarinsa. Baturen ya sauke hankicin, ya cire hularsa, ya kama hannun Yaya Issufu da hannu biyu, ya yi 'yar magana gajeriya. Sai akawunsa ya kira shi, ya juya ya tafi. Malam Garba ya fassara:

"Ya ce Mutari tsohon direbansu ne. Ya ce mutumin kirki ne, a yi haƙuri."

Yaya Issufu ya ce tsohon direba kamar yaya, yaron da ko furfura ba shi da ita? Malam Garba ya ce ba tsufan shekaru ba, nufinsa direbansu na da, wato yanzu ba ya tare da su. Yaya Issufu ba ya jin Ingilishi, amma kunnensa ya kama kalma ɗaya da Baturen ya sa gaban direba, don ta yi masa kama da latti. Ya tambaya ko cewa ya yi Mutari ya yi latti, bai iso da mota a kan lokaci ba. Malam Garba ya girgiza kai.

"Ba wannan ba ce. Su Ingilishi kalma biyu gare su na abin da ya wuce, akwai foma, akwai let. Duk ɗaya ne, na da ke nan. Let direba, foma direba. An sallame shi, ko ya bari da kansa."

Da wannan Yaya Issufu ya shigo gida da la'asar. Ina tsakar gida ina tankaɗe. Da ya gama faɗa, sai na ga rariyar a ƙasa, ban san lokacin da ta suɓuce ba. An sallame shi tun yaushe? In an sallame shi, ina ya tafi? Me ya hana shi zuwa gida? Daga Kano zuwa nan ba Makka ba ce. Iya tana bakin ƙofarta tana jin komai. Ta ce Auta ba ya ɓoye mata abu, ko mari ya sha a waje sai ya zo ya gaya mata, a koma a sake tambayar Baturen. Aka ruga, Bature ya riga ya kama hanya.

Yaya Issufu bai samu zuwa Kano ba sai bayan damina, don hanya ta lalace kuma yana da gona a Hamdara. Da ya je ya tarar kamfanin ya sayar da motocinsa ga wani Kwara, Balaraben ɗan kasuwa, tunda ana ta maganar Turawa za su tafi, tsofaffin direbobi duk sun watse. Mai gadin sabo ne. Ya yi yawo a tasha yana tambaya, har wani ya ce masa ai akwai wani Mutari mutumin Damagaram yana tuƙi can ƙasar Gwalkwas ta bakin teku, ya ma yi aure a can. Mutari nawa ne a Damagaram? Kowace unguwa da nata. Amma mutumin da aka riga aka gaya masa ƙanensa ya bar aiki ya ɓace, in ya ji haka sai ya ce ga ƙarashen labari. Ya dawo fuskarsa kamar an yi masa duka, ya hana a ƙara ambaton sunan a gabansa.

Gari ya ɗauka. Wasu suka ce sata ya yi aka kore shi. Wasu suka ce wata Bayarabiya ce ta juya masa kai. Matan da nake bin layin ruwa da su suna yin shiru in na iso. Kai kuma, Habibu, yara suka sa maka suna ɗan gudajje, kana amsawa kana dariya don ba ka san ma'anarsa ba. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na yarda. Mutum biyu masu mutunci sun ji daga bakin Bature, wansa uwa ɗaya uba ɗaya ya je ya dawo da labari, me zan riƙe in ƙaryata su? Na yi fushin da ban taɓa sanin ina da irinsa ba. Rigarsa da ya bari a rataye na cusa ta ƙarƙashin gado don kada in riƙa ganinta.

Iya kaɗai ta ƙi. Ba ta gardama da kowa, sai dai kullum in an raba tuwon dare ta sa a zuba na Auta a rufe, da safe ta ba almajiri ko maƙwabta. Ɗakinta ya ci gaba da yoyo, ta hana Yaya Issufu taɓawa, wai mai gyaran yana zuwa.

Da shekara ta zagayo babana ya ce ya isa, ba zai bar 'yarsa a rataye ba, ba aure ba saki. Ya kai magana gaban alƙali. Yaya Issufu da Malam Garba suka ba da shaida a kan abin da suka ji, alƙali ya raba auren. Ranar da zan kwashe kayana na durƙusa a ƙofar Iya in yi mata sallama. Ta dube ni ta ce:

"Je ki, 'yata, ban riƙe ki ba. Amma kada ki gaya wa yaron nan ubansa ya gudu. In ba ki san abu ba, ki ce masa ba ki sani ba."

Na koma gidanmu da kai. Innata tana sayar da tuwo da shinkafa kusa da tasha, na riƙa taya ta. Bayan idda wani tela, Malam Nuhu, wanda matarsa ta rasu, ya nemi aurena. Dattijo ne mai sanyin hali, ya ɗinka maka 'yar riga tun kafin a amsa masa. Aka sa rana bayan an cire amfanin gona. A daminar nan aka ba ƙasa mulkin kai, ana ta kiɗa a gari, 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, na maci da sabuwar tuta, ni ma har na fara jin kamar rayuwa za ta sake.

Bayan bukukuwan da 'yan kwanaki, da hantsi, wata babbar mota ta tsaya, direbanta ya zo ya zauna a bencinmu ya nemi shinkafa. Na lura in an yi masa magana sai ya juyo da kunnen dama. Kana wasa a gindin tukunya, na kira sunanka in kore ka daga wuta. Mutumin ya bi ka da kallo, ya ajiye cokali, ya ce in kira ka kusa. Ya riƙe haɓarka yana duban haƙoranka, ya ga wushiryar ubanka. Ya tambaya ko wannan Habibu ne ɗan Mutari na Zango. Na ɗaure fuska na ce shi ne. Sai ya ce sunansa Tanko, shi ne yaron motar Mutari a Kano, dama niyyarsa in ya ci abinci ya nemi gidan ya yi gaisuwa, ko da ta makara. Ya ɗaga hannu biyu.

"Allah ya jiƙan maigidana, ya sa ya huta. Har ranar da zai cika sunan yaron nan yake kira."

Ludayi na hannuna. Na ji maganar sarai, amma kamar da wani yare aka yi ta. Na ce masa me ya ce? Bai ji ba, ya juyo da ɗaya kunnen. Na sake tambaya, bai ji ba. Sai da na ɗaga murya, ni da ko dariya ba na yi da ƙarfi, na tambaye shi a gaban duk mutanen tasha ko cewa yake yi Mutari ya mutu. Tanko ya dube ni, ya dubi innata. Ya ce, yanzu ba ku sani ba?

A bazarar nan da muke zaman jiransa, an tura su Nguru ɗaukar kaya. Sanƙarau ya shiga garin. Mutari ya kwanta da ciwon kai da yamma, wuyansa ya sandare, bai kai kwana uku ba. Tanko da limamin tasha da wasu direbobi suka yi masa sutura. Washegari ciwon ya kama Tanko, shi ya tashi amma ya rasa kunne ɗaya. Da ya warke ya koma Kano, a ofis aka ce masa an ba wani falke mai zuwa Damagaram saƙo da kayan mamacin. Ya yarda, ya tafi neman aiki hanyar Maiduguri. Wane ne falken, ina ya bi, har yau Allah kaɗai ya sani. Baturen da ya zo duba fatu ya ɗauka mun daɗe da ji. Ta'aziyya ya yi wa Yaya Issufu, shi ya sa ya cire hula.

Ban yi kuka ba a lokacin. Abin da ke yawo a kaina shi ne, duk ranar da na zage shi a zuciyata yana kwance a ƙasa. Ranar da aka tsaya gaban alƙali ana cewa ya gudu, ciyawa ta riga ta fito a kan kabarinsa ta bushe. Ba wanda ya yi masa sadaka, ba wanda ya ce Allah ya jiƙansa a garin da aka haife shi.

Na ɗauki mayafi na ce wa Tanko ya biyo ni. Muka bi ta rumfar Yaya Issufu. Yana ɗinkin sirdi, da ya ji sai basillar ta shige masa yatsa, jini na zuba bai ko duba ba. Mu uku muka shiga wajen Iya. Tana daka sandal a ƙaramin turmi. Ta gan ni, ta ga baƙo, ta ga fuskar babban ɗanta, ta ajiye taɓarya. Tanko ya durƙusa ya faɗa mata. Ta saurara har ƙarshe ba ta motsa ba, sannan ta matso kusa da kunnensa mai ji ta tambaye shi ko an yi masa wanka, ko an yi masa salla, ko mutane sun taru. Ya ce an yi, sahu biyu, shi da kansa ya sa shi a kabari. Ta ce Allah ya yi masa albarka. Ta shiga ɗaki ta ja labule, sai da aka kira azahar muka ji muryarta.

Da labari ya kai wa Malam Garba, ya ce ba zai yiwu ba, da kunnensa ya ji. Ya ja Yaya Issufu zuwa wajen wani akawu mutumin Zariya da ke aiki a wani kanti a Sabon Garin nan Damagaram, ya maimaita masa maganar Baturen yadda ya riƙe ta. Akawun ya ce masa kalmomin biyu suna kama da juna amma ba ɗaya ba ne. Foma shi ne wanda ya bar muƙami ko aiki, yana nan da ransa, kana iya gamuwa da shi a kasuwa. Let kuwa, in aka sa ta gaban sunan mutum ko aikinsa, marigayi ke nan, ba ta da wata ma'ana. Yaya Issufu ya gaya mini cewa nan take Malam Garba ya zauna a ƙasa a cikin kantin, da babbar rigarsa, ya dafe kai. Ya ce shi a kantin da ya yi aiki ya sha jin ana cewa let manaja, kuma ya ga manajan ba ya nan, sai ya ɗauka na da ake nufi, bai taɓa tambaya ba. Da yamma ya zo ƙofar gida ba takalmi, ya roƙi Iya gafara daga zaure. Ta aika masa cewa ba shi ya kashe mata ɗa ba, ya je. Bai ƙara yi wa kowa tafinta ba, kuma kafin shekara ya tattara kayansa ya koma Kano.

Sauran magana tawa ce. Babana ya tambayi malamai, suka ce babu takaba a kaina, lokacinta ya wuce tun tuni ko da ban sani ba, aurena da Malam Nuhu yana nan a ranar da aka sa. Na ce na ji, amma zan zauna. Babana ya yi faɗa, innata ta ce haukan baƙin ciki ne. Na ce musu in na shiga ɗakin wani da lalle a ƙafa tun ba a daɗe da jin mutuwar ba, mutanen gari za su ce ko matarsa ba ta yarda ba, labarin Gwalkwas ne gaskiya. Ina so duk wanda ya wuce ƙofar gidan nan ya ga tabarmar makoki, ya tambaya ta wa ce. Malam Nuhu ya aiko cewa yana da ƙananan yara marasa uwa, ba zai iya jira ba, in yafe masa. Na yafe. Ya auri wata, suka zauna lafiya har ya rasu. Ni kuwa sai da na yi shekaru kafin in auri mahaifin ƙannenka, kuma a tsakanin na sha wuyar da na ba ku labarinta a wani wuri.

Na koma ɗakina na da a Zango, na cire 'yan kunne, na sa baƙin zane. Rigar tana nan ƙarƙashin gado inda na cusa ta, gara ta ci gefe ɗaya. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, Yaya Issufu ya zauna karɓar gaisuwa yana kuka kamar yaro. Mutane suka yi ta zuwa, har da waɗanda suka ce ɓarawo ne, har da matan layin ruwa, kowa idonsa a ƙasa. Iya ta sa aka zaunar da kai kusa da ita, duk wadda ta shigo sai ta ce ta yi wa maraya gaisuwar ubansa tukuna. Ka riƙa amsa amin kana wasa da zaren tabarma.

Bayan shekaru, da na samu hali, na je Nguru tare da Tanko. Maƙabartar ta cika ta haɗe, bai iya nuna mini daidai wurin ba, sai ya nuna wani sashe kusa da wata aduwa ya ce tsakanin nan ne. Na tsaya daga bakin shinge na yi addu'a.

To, ga abin da za ku faɗa in an tambaye ku. Mutari ɗan Iya Gaji na Zango bai yi sata ba, ba a kore shi ba, bai gudu ba. Ya rasu a Nguru yana bakin aikinsa, Musulmi sahu biyu suka sallace shi. Rakiya, rubuta marigayi a gaban sunansa, ki rubuta da Hausa.